Shekarar da Aka Kama Baba da Laifin Wandarin

Na san abin da ake gaya muku in kun je Wudil hutu. Gwaggonku Ladi takan ce ubanku ƙafar yawo gare shi tun yana rarrafe, shi ya sa ya watsar da aikin Turawa ya shiga duniya shekara tara. Wasu tsofaffin unguwa kuma, in suka ga ba ta kusa, sai su rage murya su ce ai an taɓa kama kakanku da sata. Kowannensu ya kama wani gefe na maganar ya riƙe. To ga yadda aka yi, daga bakin wanda yake tsaye a tsakiya. Ku karanta, in kun gama ku bar Gwaggo ta ci gaba da nata, don ta fi ni iya ba da labari.

Kakanku Malam Audu mahaƙin rijiya ne, amma ba haƙar ce ta yi masa suna ba. Haƙa kowane ƙato zai iya in ya ƙoshi. Shi gwanintarsa gano inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin ƙasa. Da bazara, in zafi ya kai zafi, sai ya cire takalmi ya rataya a wuya ya shiga daji. Ba ya tafiya a miƙe. Zai yi gabas taku ashirin, ya tsaya, ya dawo, ya zagaya suri, ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana. Ya dubi inda ɓaure ya tsiro, ya dubi inda ciyawa ta ƙi bushewa. In wuri ya kwanta masa, sai ya kife kasko a kai ya rufe da ƙasa, washegari ya dawo ya ga ko ya yi gumi. Wanda bai san shi ba, in ya hango shi daga nesa, zai ce tsohon nan ko allura ya yar, ko kansa ya taɓu.

Sana'ar tana da doka biyu, kuma Baba ya gaje su daga ubansa. Ta farko, ba a ambaton ruwa ana cikin nemansa. Su a wurinsu in ka kira sunansa nutsewa yake yi. Ta biyu ta fi nauyi: ba a faɗin wanda ya aiko ka. Dalili kuwa, a ƙauye mutum ba ya neman ruwa a gonar daji sai in yana shirin tashi daga gidansu, ya fita daga gandu ya kafa nasa. Sai ya zo wurin Baba a asirce. In an sami ruwa, ya je ya durƙusa gaban manyansa ya nemi izini cikin ladabi. In ba a samu ba, ya koma gida ya ci gaba da cin tuwo da yayyensa, ba wanda zai taɓa sanin zuciyarsa ta taɓa leƙa waje. Gidaje nawa ne tsakanin Darki da Lajawa suke zaune lafiya har yau saboda bakin Baba a rufe yake, Allah kaɗai ya sani.

Ni kuwa a lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, na ɗan iya Turanci, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro shi. Shekaru kaɗan ne kafin Turawa su tafi. Wani Bature mai awon hanya ya sauka a bariki da leburorinsa, suna kafa turakun ƙarfe a daji ta wajen Darki, ya ɗauke ni tafinta. Mutane suna ce masa Mai Lofe, don lofen ba ya barin bakinsa ko da wuta ko babu. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Mutum ne dai da yake son kowace tambaya ta zo da amsarta a hannu. Baba kuwa tun da na fara aikin nan ya daina ce mini komai sai "malamin Turawa". Dama ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, sai ya sami abin zolaya.

A bakin Mai Lofe na fara jin kalmar Turancin nan, wandarin. Wata Lahadi da la'asar na gan shi ya nufi bakin kogi shi kaɗai, hannuwa a baya. Na bi shi da sauri na tambaye shi ina za mu, ko in kira masu kaya. Ya yi dariya ya ce ba inda za shi, wandarin kawai yake yi. Da ya ga na yi sakare sai ya yi mini bayani: tafiya ce wadda ba a nufi ko'ina ba, ƙafa tana gaba kana biye da ita. Ya nuna mini kogin da hannu, yadda yake karkacewa cikin yashi, ya ce shi ma abin da yake yi ke nan. Ya ce har hankalin mutum yakan yi, in ana masa magana ya tafi wani wuri. Kalmar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na ciro ɗan littafina na rubuta ta, a gabanta na sa: yawon shan iska, irin na manya.

Bai fi wata ɗaya ba na sake ganinta, wannan karon a kan takarda mai hatimi.

Ranar Laraba ce, da hantsi. An wayi gari turaku uku sun ɓata daga layin awo, aikin mako biyu ya lalace, Mai Lofe ya yi ja har kunnuwa. Shugaban leburori ya ce shi dai kwana uku ke nan yana ganin wani tsoho yana kai da kawowa a wurin, ba kaya a kansa, ba fartanya, yana tsugunawa yana tone-tone. Aka tura 'yan doka biyu. Ina zaune ina feƙe fensir suka shigo bariki da Baba, takalmansa a wuya, gwiwoyinsa duk ƙasa. Fensirin ya faɗi daga hannuna. Shi kuwa ya dube ni ya kawar da kai, kamar ya ga baƙo.

Ba a sami turke ko ɗaya a hannunsa ba, don haka ba a rubuta sata ba. Abin da Mai Lofe ya rubuta shi ne an same shi yana wandarin. Na ce masa ranka ya daɗe, ai wannan shan iska ne, kai ka koya mini. Ya ce a doka ba haka take ba: duk wanda aka samu yana zagaye a wuri, ba ya iya faɗin inda za shi ko abin da ya kawo shi, to ya yi laifi, ko bai taɓa komai ba. Ɗan dokan da ke tsaye ya taimaka mini da bayani, ya ce yawon banza ke nan, suna kama mutane a kansa a tashar mota, kuma wata shida ake yi a gidan yari a Kano. Sai na gane ashe kalmar riga biyu gare ta. In Bature ya yi ta a bakin kogi da lofe, hutu ce. In talaka ya yi ta ba takalmi, laifi ce.

Na gaya wa Mai Lofe mahaifina ne. Ya cire lofen daga baki, karo na farko da na ga haka. Sannan ya ce to abin ya zo da sauƙi. Ba zai miƙa takardar ga alƙali ba sai ranar Juma'a. Juma'ar da safe zai yi wa tsohon tambaya uku a gaban jama'a: daga ina, zuwa ina, wa ya aike shi. In ya amsa, ya tafi gida. In bai amsa ba, takarda ta wuce, kuma in ta bar hannunsa ba shi da sauran iko a kanta.

Aka ajiye Baba a ɗakin 'yan doka. Da azahar na kai masa fura. Na same shi zaune ya miƙe ƙafafu yana cire ƙaya daga diddige, hankali kwance. Na roƙe shi ya ce ruwa yake nema, iyakarta ke nan, ai kowa a Wudil ya san sana'arsa. Ya ce in tuna gonar wa ce a wurin. Na tuna. Gonar daji ce ta gidan Mamman Dogo na Darki, gandu babba, shi da ƙannensa uku da tsohuwarsu. In Baba ya ce ruwa yake nema a wurin, ya gama faɗin cewa ɗaya daga cikinsu yana shirin fita.

Da zan tashi ya riƙe gefen rigata.

"Malamin Turawa, kai ne za ka juya maganata ko?"

Na ce ni ne.

"To abin da na faɗa shi za ka juya. Kada ka sa mata gishiri."

Na ce to. Ku riƙe wannan, na ce to.

A gida na sami Inna, kakarku, ta kasa ɗora tukunya. Ba gidan yarin ne kaɗai ya tsaya mata ba. Ta ce mahaƙin rijiya har tsakar gidan mutane yake shiga, inda matan aure suke, inda ba a barin ko maƙwabci ya leƙa. Wanda ya taɓa sa rigar fursuna wa zai sake buɗe masa ƙofa? Ladi tana gefe tana kuka tana zagin Bature, da leburori, da ni, da wanda ya ƙirƙiro hanya. Inna ba ta tambayi Baba komai ba a rayuwarta game da aikinsa, amma matar mahaƙi ba makauniya ba ce. Ta ce Tanko, ƙanin Mamman Dogo na biyu, ya zo zaure sau biyu da tsakar rana, lokacin da ba kowa a waje, har da kaza a hammata. Ta faɗa, sannan ta kama bakinta kamar ta ƙone.

Ranar Alhamis na hau keke na tafi Darki. Na sami Tanko shi kaɗai yana sassabe, na ja shi gindin tsamiya. Mutum ne mai sanyi, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, amma a ranar kamar yaro ya tsaya a gabana yana murza hularsa. Ya ce ya ji, kuma tun jiya abinci bai wuce masa ba. Ya ce ba faɗa yake da yayansa ba, gida ne ya cika, 'ya'yansa bakwai a ɗaki biyu. Amma tsohuwarsu tana kwance ba lafiya, kuma ta sha faɗa cewa kada a raba gandun nan tana numfashi. Ya ce in ba shi kwana uku ya san yadda zai shigar wa Yaya da maganar. Na ce kwana ɗaya gare mu, shi ma ya kusa ƙarewa. Ya ce gobe za su shigo kasuwa da Yaya, za su biyo ta bariki, Allah zai kawo mafita. Na hau kekena na dawo, ban san lokacin da na iso ba.

Kun san Juma'a a Wudil. Tun da safe shanu sun cika kara, mutanen ƙauyuka sun ɓarko ta kowace hanya, kuma labari ya riga ya zaga cewa za a yi wa Malam Audu mai rijiya tambaya. Kafin hantsi gindin darbejiyar bariki ya cika. Aka fito da tebur, Mai Lofe ya zauna, takarda a gabansa, alƙalami a gefe. Baba ya tsuguna a ƙasa. Ni ina tsaye a tsakaninsu, rigata ta manne a bayana don gumi. Can na hango Mamman Dogo, ya fi kowa tsawo, ya zo ne don Baba ya taɓa haƙa musu rijiyar gida, yana ta girgiza kai don tausayi. Tanko yana gefensa, idonsa a ƙasa.

Tambaya ta farko ba wuya. Baba ya ce daga gidansa yake. Na juya.

Ta biyu, ina za shi. Baba ya ce bai sani ba, inda ƙasa ta kai shi nan za shi. Na juya kamar yadda ya faɗa. Ina juyawa ina jin yadda amsar ta shige cikin kalmar nan daidai wa daida, kamar don ita aka ɗinka ta. Mai Lofe ya dube ni, ya ce in sake tambayarsa, in gaya masa taimakonsa yake so ya yi. Na sake. Baba ya ce ya gode, amma amsar ita ce dai.

Ta uku, wa ya aike shi, me yake tonawa a ƙasa.

"Gaya masa ban taɓa ƙarfensa ba. Sauran kuma ba nawa ba ne, balle in bayar."

Na juya wannan ma, ban ƙara ba ban rage ba. Na dubi Tanko. Ya ɗago, muka haɗa ido, bakinsa ya motsa, sai ya dubi yayansa ya sake sunkuyar da kai. Mai Lofe ya yi ajiyar zuciya ya jawo takardar, ya cire murfin alƙalami. Ɗan doka ya matso bayan Baba ya fara kwance igiya daga ɗamararsa.

A nan wani tunani ya zo mini, wanda a lokacin na ɗauka wayo ne. Duk taron nan ba mai jin Turanci sai ni da Bature. In na faɗa masa da harshensa, wa zai sani? Baba zai ɗauka roƙo nake yi. Sai na buɗe baki na yi ta zubawa da Turanci, da sauri, murya ƙasa-ƙasa. Na ce tsohon nan ba wandarin yake yi ba, aikinsa ke nan, haka ake neman ruwa, dokar sana'arsu ce ta hana shi faɗa. Mai Lofe ya dakata ya ce wa zai shaida, wa ya sa shi. Na ce wani mutum ne, Tanko, ƙanin Mamman Dogo na Darki.

Abin da malamin Turawa bai yi tunani ba shi ne, suna ba shi da Turanci. Duk abin da na faɗa ya wuce ta kan mutane kamar iska, amma kalma huɗu suka faɗo a tsakiyar fili kowa ya tsinta: Tanko, Mamman Dogo, Darki. Kuma duk wanda ke wurin ya san sana'ar Baba, ya san gonar wa ce. Ba su buƙaci tafinta ba.

Ban dubi Baba ba da farko. Sai na ga Mamman Dogo yana juyowa a hankali yana duban ƙaninsa daga sama.

"Tanko. Kai ne?"

Mai Lofe ya sa na kira Tanko gaban tebur, ya zo ya ce haka ne, shi ne ya sa Malam Audu aikin. Bature ya yi murmushi, ya ce ai ga shi abu mai sauƙi, me ya sa tun farko ba a faɗa ba. Ya yaga takardar biyu, har ya miƙa wa Baba hannu. Shi a ganinsa an rabu lafiya. Turakun kuwa bayan 'yan kwanaki aka gano su a wata maƙera sun zama bakin fartanya, ba ruwan kowa a cikinmu.

Muka taho gida ni da Baba, yana gaba ina baya, ta cikin kasuwa, mutane suna masa barka yana amsawa. Muka shiga zaure. Ya zauna, ya sauke takalman daga wuyansa ya ajiye. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na fi jin sauƙi.

"Ka fid da ni, na gode. Ni da na yi wata shida ɗin da na dawo da sana'ata. Yanzu na dawo gida, ita ce ba ta dawo ba."

Na ce Baba ai ba kai ka faɗa ba, ni ne. Ya ce wanda zai kawo sirrinsa gidan nan ba zai tsaya bambanta bakin uba da na ɗa ba.

Haka kuwa aka yi. Kafin ruwan farko ya sauka gandun Mamman Dogo ya rabu, ba da durƙuso da neman izini ba, da fushi. Tanko ya kwashe iyalinsa ya koma gonar daji ba rijiya, matansa suna tafiya mai nisa da tulu. Tsohuwarsu ta rasu da kaka, 'ya'yanta biyu ba sa gaisawa. Baba ya koma ya ƙarasa neman, ya sami ruwan, ya haƙa wa Tanko rijiya bai karɓi ko goro ba. In kun bi ta can har yanzu ana sha. Amma ita ce ta ƙarshe da ya nemo. Ba wanda ya sake zuwa zaurenmu da tsakar rana da kaza a hammata. Sai dai a kira shi yasar tsohuwar rijiya, aikin da yake ba yaransa a da. Da bazara sai in gan shi zaune a ƙofar gida da takalmi a ƙafa, yana kallon hanyar daji.

Bai taɓa sake tayar da maganar ba. Yana amsa gaisuwata, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Abu guda ne ya canza: ya daina ce mini malamin Turawa. Ya daina zolayata gaba ɗaya. Wannan ne na kasa ɗauka. Na sha tambayar kaina me ya hana ni faɗa wa Mai Lofe a ɗaki mu biyu tun ranar Laraba, ko in bar sunan a cikina in ce zan kawo shaida daga baya. Na kuma sha tambayar kaina ko da an mayar da ni wurin zan iya tsayawa ina kallo a ɗaure shi. Har yau ban sami amsar da ta zauna ba. Da aikin awo ya ƙare Mai Lofe ya so ya tafi da ni, na ce a'a. Na hau motar gyaɗa zuwa Kano, daga nan Jos, daga nan inda ƙafa ta kai ni. Na yi tafinta a Kumasi, na yi awon fata a Lamy ta ƙasar Chadi, na sayar da turare a Sudan. In an tambaye ni ina za ni, ba ni da amsa, kuma ba wanda ya kama ni, don ina da takalmi da Turanci.

Shekara tara na yi. Na dawo wata Juma'a da la'asar, da akwatin ƙarfe da gemu, Turawa sun tafi, bariki ya zama ofis. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwa doguwa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen da na baro kamar ya san su. Sannan ya dube ni. Ban taɓa sanin ya riƙe kalmar ba. Sau nawa ma ya ji ta, ana faɗa a kansa yana tsugune.

"To, malamin Turawa, wandarin ɗin ya ƙare, ko tsayawa ka yi shan ruwa?"

Na ce ya ƙare, Baba.

Ya matsa gefe ya bar mini rabin tabarmar, ya ɗaga murya ya ce wa Inna a ƙara tuwo.